Kamfanin Trax da Kiɗan Rawa na Shikago: Tarke a kan Ma'anar Cin Gashin Kai a Sana'ar Faifai

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin tarihin wani ƙaramin kamfanin faifai mai suna Trax, wanda aka kafa a birnin Shikago na ƙasar Amurka a shekarar 1984, sa'an nan mu yi tarke a kan wasu daga cikin faya-fayan da ya fitar a 1986 da 1987. Mai yiwuwa ne wani daga cikin malamai ya ce me ya haɗa taro irin wannan da kiɗan gidan rawa. Amsarmu ita ce, duk mai nazarin waƙa da kiɗa ba shi da makawa sai ya fuskanci tambayar da tarihin Trax ya baje a faifai: idan fasahar da aka saba ji a dandali ta shiga na'ura ta zama haja, wa ke da ita?

Masu rubuta tarihin wannan kamfani sun rabu gida biyu. Kashi na farko suna ɗaukarsa tamkar ungozomar da ta karɓi haihuwar kiɗan da ake kira House, wanda daga baya ya mamaye gidajen rawa na Turai da sauran duniya. Kashi na biyu kuwa ba sa ganin komai a cikinsa sai ɗan kasuwar da ya ci gumin samari baƙaƙen fata waɗanda ba su san kan takarda ba. Akasarin marubuta sukan kawo labarin farko da zumuɗi, sa'an nan su liƙa na biyun a ƙarshe kamar wani tsautsayi da ya auku a gefe. A ganinmu wannan rabo bai dace ba. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, alherin Trax da sharrinsa tushensu ɗaya ne, watau kasancewar injin buga faifai a hannun mutum guda wanda abin da ke cikin faifan bai dame shi ba.

Ya kamata mu daidaita kalmomi biyu tun yanzu. Kamfani mai cin gashin kansa a wannan sana'a shi ne wanda ba ya ƙarƙashin manyan kamfanonin nan irin su CBS da Warner da RCA da EMI, waɗanda a wancan zamani suke riƙe da akasarin cinikin faifai na duniya. Sunan House kuwa mun bar shi yadda yake, domin in muka fassara shi muka ce kiɗan gida, mai karatu zai zaci kiɗan gargajiya muke nufi, alhali wannan kiɗan na'ura ne tsantsa.

Kiɗan ya riga kamfanin

A ranar 12 ga Yuli, 1979, wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, ya gayyaci jama'a zuwa filin wasa na Comiskey a Shikago. Aka ce duk wanda ya zo da faifan disko zai shiga a kan santi 98, kuma za a tara faya-fayan a tarwatsa su da nakiya a tsakanin wasanni biyu da aka shirya. Aka tarwatsa, taro ya rikice, 'yan kallo suka mamaye fili, har wasa na biyu bai yiwu ba. Daga cikin yaran da suke aikin nuna wa 'yan kallo wurin zama a wannan dare akwai wani baƙar fata mai suna Vince Lawrence, wanda daga baya ya shaida cewa da yawa daga faya-fayan da aka kawo ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙaƙen fata ne kawai. Ba wannan dare kaɗai ya karya kasuwar disko ba, domin dama ta cika ta batse, kuma cinikin faifai baki ɗaya ya ja baya a wannan shekara. Amma dai daga nan manyan kamfanoni da gidajen rediyo suka juya wa disko baya.

Masu rawa kuwa ba su daina rawa ba. Tun 1977 akwai wani gidan rawa a Shikago mai suna Warehouse, inda wani mai juya faifai da ya zo daga Niyok, Frankie Knuckles, yake aiki. Masu zuwa wurin akasarinsu baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, da yawansu kuma maza ne masu neman maza, waɗanda sauran gidajen rawa ba sa maraba da su. Ra'ayi mafi rinjaye shi ne daga sunan wannan gida aka gutsuro sunan kiɗan. Da sababbin faya-fayan disko suka yi ƙaranci, sai Knuckles ya shiga yanka tsofaffin a kan tef, yana tsawaita wurin da ya ga ya fi motsa mutane, yana zubar da saura, daga baya ma ya riƙa ƙara musu bugu da na'urar ganga. Da ya bar Warehouse ya buɗe nasa gidan, Power Plant, sai Ron Hardy ya yi suna a wani gida mai suna Music Box, da salo mafi tsauri da sauri. A ɗaya gefen kuma, tun 1981 wasu masu juya faifai biyar da ake kira Hot Mix 5 suke watsa irin wannan haɗi a tashar WBMX, har ya shiga kunnen 'yan makaranta a ko'ina cikin birni.

Abin lura a nan shi ne, na'urorin kamfanin Roland na Japan sun yi araha a daidai wannan lokaci, domin ƙwararrun makaɗa sun raina su. Yaro mai ɗan albashi yana iya sayen na hannu, ya haɗa kiɗa a ɗakinsa, ya ɗauka a kaset, ya kai wa Hardy ko Knuckles. In jama'a suka tashi, kiɗa ya ci. In suka zauna, ya faɗi. Ke nan kafin a buga tambarin Trax a kan faifai ko guda, kiɗan yana da makaɗansa, da masu sauraronsa, da alƙalansa. Wannan kaɗai ya isa ya rage wa labarin ungozoma ƙarfi. Abin da kiɗan ya rasa shi ne hanyar fita daga kaset.

Mai inji

Larry Sherman Bature ne ɗan kasuwa wanda ya sayi wata masana'antar buga faifai mai suna Musical Products a farkon shekarun 1980, kuma kamar yadda akasarin masu tarihi suka ruwaito, ita kaɗai ce irinta a Shikago a lokacin. A 1984 Jesse Saunders da Vince Lawrence suka kai masa wani kiɗa nasu mai suna On and On ya buga musu, suka fitar da shi da tambarinsu na Jes Say. Wannan ne ake yawan lasaftawa a matsayin faifan House na farko. Da Sherman ya ga yaran suna ta dawowa a ƙara musu, sai ya gane akwai ciniki, kuma a wannan shekara aka kafa Trax. Lawrence ne ya tsara tambarin, kuma shi yake zaɓo makaɗa a farkon al'amari. Batun ko su wane ne ainihin waɗanda suka kafa kamfanin, da rabon kowa a ciki, ya zama abin jayayya har gaban kotu, kamar yadda za mu gani.

Domin a fahimci ƙarfin da Sherman ya samu, sai an san yadda ake yin faifai. Da farko akan yanka amon a jikin wani faranti mai laushi, daga shi a fitar da hatimin ƙarfe, sa'an nan a ɗora narkakkiyar roba a tsakanin hatimi biyu a matse. Faifan rawa mai faɗin inci 12 yakan ɗauki kiɗa ɗaya ko biyu kawai a kowace fuska, saboda haka layukansa suna da faɗi, amon ƙasa kuma yana fita da ƙarfi. Ƙaramin kamfani na yau da kullum sai ya biya kuɗi ya shiga layi a masana'antar wani, ya jira. Babban kamfani kuwa yana da ma'aikatan da za su saurara, su yi shawara, su sa a gyara, watanni su shuɗe. Sherman ba ya jiran kowa, ba ya shawara da kowa. Kaset ɗin da ya tayar da Music Box yana iya zama faifai a kanti tun jama'a ba su manta da shi ba. Kuma da yake bugun bai ci masa kuɗi mai yawa ba, babu dalilin da zai sa ya tsaya tantancewa: a buga duka, wanda ya karɓu a ƙara, wanda bai karɓu ba a narkar.

Wannan narkarwa ba misali muke yi da ita ba. Trax ya yi ƙaurin suna wajen amfani da tsohuwar roba, watau a niƙa faya-fayan da suka yi kwantai a sake buga sababbi da su, wani lokaci ba tare da an cire takardar tsakiya ba. Don haka sabon faifai yakan fito da ƙuraje, yana ƙara, allura tana tsalle. A yau akwai masu tara faya-fayai a Turai da suke yabon wannan ƙazanta, suna cewa ita ce ruhin Shikago. Ba mu yarda da su ba. Babu makaɗin da ya zauna ya tsara ƙarar takarda a cikin kiɗansa. Rowa ce ta mai masana'anta, kuma wanda ya sayi faifan da wanda ya yi kiɗan su suka biya.

Faya-fayan kansu

Kayan aikin da muka saba feɗe waƙa da su, watau jigo da warwararsa, da zubi da tsari, da salon sarrafa harshe, ba za su yi mana amfani sosai a nan ba, domin kalmomin kaɗan ne, wani lokaci ma babu su. Ginshiƙin kiɗan shi ne babbar ganga mai bugu huɗu daidai wa daida a kowace gaɓa, kimanin bugu 120 a minti ɗaya, ba ta gaggawa ba ta nawa. Fasahar tana cikin abin da aka ɗora a kan wannan bugu da abin da aka janye, da lokacin da aka yi hakan. Har ila yau, irin wannan faifai ba a yi shi don ya tsaya shi kaɗai ba. Farkonsa da ƙarshensa sukan zama ganga zalla domin mai juya faifai ya sami wurin ɗinke shi da wani. Tubali ne, ginin kuwa sai a gidan rawa ake ganinsa. Wanda ya auna shi da ma'aunin waƙar rediyo mai minti uku zai zalunce shi.

Mu fara da No Way Back na Adonis, wanda ya fito a 1986. Babu komai a cikinsa sai ganga, da tafi na na'ura, da layin amon ƙasa guda ɗaya mai maimaita kansa, da murya busasshiya wadda ba ta rerawa, tana dai nanata 'yan kalmomi kan wanda ya yi nisa har ya rasa hanyar komawa. Ƙarfinsa yana cikin wannan ƙaranci. Disko ya saba da goge da kakaki da amshi, shi kuwa wannan ya tuɓe su duka ya bar ƙashi, kuma ƙashin ya tsaya da kansa.

Move Your Body na Marshall Jefferson, shi ma na 1986, kishiyar wancan ne. Jefferson ma'aikacin gidan waya ne, kuma abokan aikinsa ya tara suka yi faifan, ciki har da Curtis McClain wanda ya rera. Abin da ya bambanta shi shi ne fiyano, wanda yake tafe da tsalle irin na kiɗan majami'un baƙaƙen fatar Amurka, da muryoyi masu kira da amsawa. Jefferson ya sha faɗa cewa shi ba gwanin fiyano ba ne, a hankali ya buga sa'an nan ya ƙara wa na'urar sauri, kuma muna jin wannan ne ya sa bugun yake da wani irin zafi da hannun mutum ba zai iya riƙewa ba. Muryoyin ba su da gogewa, wani wuri har suna hawa kan juna, amma wannan ya ƙara masa kamannin taron biki. A jikin faifan an rubuta cewa shi ne taken kiɗan House, watau kiɗan ya kai matsayin da yake yi wa kansa kirari. Akwai wani abu a tarihin wannan faifai da ya shafi hujjarmu. Bisa ga ruwayar Jefferson, Sherman bai so shi ba, ya ce abin da ke da fiyano ba House ba ne, ya ajiye shi watanni yayin da kaset ɗinsa yake yawo a gidajen rawa. Ke nan a wurin da aka ruwaito ya yi hukunci da kunnensa, kuskure ya yi, kasuwa ce ta gyara masa.

Na uku shi ne Can You Feel It na Larry Heard, wanda ya fitar da sunan Mr. Fingers a 1986. Heard ya bambanta da sauran domin shi makaɗi ne tun asali, ya daɗe yana buga ganga a ƙungiyoyi kafin ya sayi na'ura. Da na'urar haɗa amo guda, da na'urar ganga guda, da rikoda biyu na kaset ya yi wannan aiki a gida. Amon ƙasa a nan yana da kari nasa kamar mai magana, a samansa kuma akwai wasu dogayen sautuka masu taushi, haɗinsu irin na jaz, suna shigowa suna dushewa. Asalinsa babu murya ko kaɗan. Daga baya an fitar da shi da muryoyi iri-iri, har da wanda aka ɗora masa jawabin Martin Luther King, amma a ganinmu kowace murya rage shi ta yi, domin ta faɗa wa mai sauraro abin da zai ji, alhali kiɗan ya bar masa fili. In za a tambaye mu wane faifan Trax ne zai jure sauraro a zaune ba tare da rawa ba, wannan za mu nuna. Shi ne kuma wanda muguwar robar Sherman ta fi cuta, domin kiɗa mai taushi ba ya iya ɓoye ƙara.

Sai Acid Tracks na ƙungiyar Phuture, wanda ya fito a 1987, kuma a kansa za mu ɗan daɗe. Kamfanin Roland ya fitar da wata 'yar na'ura mai suna TB-303 a farkon shekarun 1980 domin mai kaɗa jita shi kaɗai ya sami abin da zai riƙe masa amon ƙasa. Ba ta yi kama da jitar ba, tana da wuyar saitawa, aka daina yin ta a 1984, ta koma kantunan kayan hannu. Samari uku, DJ Pierre da Spanky da Herb J, suka sami guda da araha. Maimakon su saita ta su bar ta, sai suka sake ta tana maimaita 'yan sautuka, Pierre kuma yana murɗa maɓallan da ke tace amon. Sautukan ba su sauya ba, amma launinsu yana ta sauyawa, daga gurnani zuwa tsuwa, daga tsuwa zuwa wani abu kamar tafasar ruwa. A nan ne muhimmancin faifan yake ga mai nazari. A kiɗan da Turawa suka gada, tafiyar kiɗa tana cikin hawa da saukar sauti da sauyin haɗinsu. A Acid Tracks an ɗaure waɗannan duka wuri ɗaya, an mai da tafiyar cikin launin amo, har tsawon kimanin minti 12. Na'urar da aka ƙera don ta kwaikwayi wani abin kiɗa ta zama abin kiɗa da kanta, kuma ba a cikin littafin bayaninta aka koyi haka ba.

'Yan ƙungiyar sun ba da labarin cewa Ron Hardy ya sa kaset ɗin sau huɗu a dare ɗaya, a na farko mutane suka watse daga fili, a na huɗu suka haukace. Labarin ya sha maimaici har ya yi santsi irin na tatsuniya, amma abin da yake nunawa gaskiya ne: sai da aka koya wa kunne wannan kiɗa, kuma mai juya faifai ne malamin. Marshall Jefferson ne ya kula da ɗaukar da aka buga, shi ya ba da shawarar a rage masa sauri. Ba za mu ɓoye ba, wanda ya zauna a ɗaki ya saurare shi daga farko zuwa ƙarshe zai ƙosa. Amma tambayar da ta dame mu ita ce, wane babban kamfani ne a 1987 zai buga minti 12 na tsuwar na'ura ba waƙa ba amshi? Babu. Sai wanda bugu bai ci masa komai ba, sauraro kuma bai dame shi ba. Af, ga masu danganta sunan da ƙwaya kawai, yana da kyau a san cewa a bayan faifan akwai Your Only Friend, wanda gargaɗi ne a kan hodar iblis.

Your Love kuwa matsala ce ta daban. Jamie Principle ne ya ƙirƙire shi, ya daɗe yana yawo a kaset, ya fito a wani kamfani mai suna Persona a 1986, sa'an nan Trax ya fitar da nasa a 1987 da sunan Frankie Knuckles a gaba. Darasi ga mai bincike shi ne, shekara da sunan da ke jikin faifan Trax ba hujja ba ne a kan ranar da aka yi kiɗa ko wanda ya yi shi.

Lalle ne kuma mu faɗa cewa waɗannan su ne zaɓaɓɓu. Trax ya fitar da ɗaruruwan faya-fayai, kuma da yawansu kwaikwayo ne na gaggawa, an ji abin da ya karɓu a makon jiya an sake dafa shi. Ƙofar da aka bari a buɗe har Acid Tracks ya shiga, ita tarkace suka bi.

Kura da shan bugu

Ingila ce ta mai da wannan kiɗa babbar haja. Abin mamaki, faya-fayan da suka fara hawa jerin ciniki a can ba na Trax ba ne, na ɓangaren abokin gasarsa ne, DJ International na Rocky Jones: Love Can't Turn Around ya kai na 10 a 1986, Jack Your Body na Steve Hurley kuma ya kai na 1 a Janairun 1987. Amma a gidajen rawa irin su Haçienda a Manchesta da Shoom a Landan, amon TB-303 ne ya ba da suna ga guguwar matasa ta 1988, wadda ta girgiza hukuma har a 1994 majalisa ta yi dokar da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa tarukan dare a fili, tana siffanta kiɗansu da maimaituwar bugu. Kuɗi sun shigo ta hanyar ba kamfanonin Turai izinin sake bugawa. Tambaya ita ce ina suka tsaya.

A dokar Amurka kowane faifai yana ɗauke da hakki biyu: hakkin ƙirƙirar kiɗan, da hakkin ainihin ɗaukar da aka yi. Dokar hakkin mallaka ta 1976 ta ce ba a miƙa mallakar ɗayansu sai da rubutu da sa hannun mai shi. Samarin Shikago akasarinsu ba su san da wannan rabo ba, ba su da lauya, burinsu su ga sunansu a jikin faifai. Adonis, wanda ya yi No Way Back, ya sha faɗa cewa bai taɓa karɓar kason ciniki a kansa ba. Jefferson ya ce kuɗi ya biya Sherman don ya buga masa Move Your Body da tambarinsa na Other Side, sai ya ga faifan ya fito da tambarin Trax. Wannan ruwaya, in ta tabbata, ita ce zuciyar maganarmu. Jefferson yana da kamfani, Heard ma yana da nasa mai suna Alleviated tun 1985, Saunders yana da Jes Say. Suna da tambari, ba su da inji, kuma a bakin injin ne cin gashin kansu ya ƙare.

Akwai hanzarin da masu kare Sherman suke kawowa, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Sun ce shi ya ɗauki kasada lokacin da ba wanda ya kula da yaran, yakan biya kuɗi hannu da hannu, faya-fayai da yawa sun yi kwantai, dillalai kuma sun saba riƙe wa ƙananan kamfanoni kuɗi har su durƙushe. Duk wannan yana iya zama gaskiya game da bugun 1986. Amma bai bayyana shekaru talatin da suka biyo baya ba, waɗanda a cikinsu aka yi ta sayar da izinin waɗannan 'yan faya-fayai ba tare da wata sabuwar kasada ba. Alal misali, wasan kwamfuta na Grand Theft Auto: San Andreas da ya fito a 2004, wanda aka sayar da miliyoyinsa, yana ɗauke da Move Your Body da Can You Feel It da Your Love. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Za mu ƙara da wani abu da masu ɗaukaka ƙananan kamfanoni ba sa son ji: babban kamfani ma yana cutar mawaƙa, amma yana da littattafan lissafi da lauya zai iya sa a buɗe, yana da dukiyar da kotu za ta iya kamawa. Ƙaramin kamfani mai tafiya a kan baki da aljihun mutum guda ba shi da ko ɗaya. Makaɗan Detroit da suka taso a daidai wannan lokaci sun bi wata hanya, inda Juan Atkins ya kafa Metroplex a 1985, Derrick May ya kafa Transmat a 1986, Kevin Saunderson kuma KMS a 1987, suka riƙe tamburansu a hannunsu.

Ƙarfin Trax bai daɗe ba. Hukumar birnin Shikago ta matsa wa gidajen rawa na dare a 1987, tashar WBMX ta rufe a 1988, Knuckles ya koma Niyok, manyan makaɗa suka watse zuwa wasu kamfanoni, kuma sababbi irin su Strictly Rhythm da aka kafa a Niyok a 1989 suka karɓi ragama. Abin da ya rage wa Trax shi ne tsohon kundinsa. Rachael Cain, mawaƙiyar da ake kira Screamin' Rachael, wadda tana cikin harkar tun farko, ta zama shugabar kamfanin. A farkon shekarun 2000 aka ƙulla wata yarjejeniya da kamfanin Casablanca na Kanada, wadda ta ƙare da rikicin bashi, kundin ya koma hannun Casablanca shekaru masu yawa. Wannan ne ma hanzarin da Cain ta riƙa kawowa a kan zargin rashin biya, cewa a waɗannan shekaru kuɗin ba ta hannunta suke bi ba. Ga makaɗi kuwa, sauyin hannu bai ƙara masa komai ba sai nisan wanda zai tambaya.

Sherman ya mutu a watan Afrilu na 2020. A watan Yuni na wannan shekara Larry Heard da mawaƙi Robert Owens suka kai Trax ƙara a kotun tarayya, suna cewa takardun da aka sa hannu a kansu tun shekarun 1980 ba su ba kamfanin abin da ya yi ta sayarwa ba. A 2022 aka sasanta, hakkin ayyukansu ya koma gare su. A watan Oktoba na 2022 kuma wasu makaɗa kimanin ashirin, ciki har da Jefferson da Adonis da Vince Lawrence, suka shigar da tasu ƙarar, suna zargin rashin biya da sa hannun jabu. A 2023 hukumar birnin Shikago ta sa ginin Warehouse cikin wuraren tarihi da doka ta hana rushewa. Heard ya karɓi Can You Feel It bayan shekara 36 da fitowarsa. Ron Hardy ya mutu tun 1992, Knuckles a 2014, Spanky na Phuture kuma a 2016.